Yadda za a shirya gasar hoto ba tare da an yi zargin son kai ba

Yawancin rigimar da ke biyo bayan gasar hoto tsakanin masu ɗauka don sha'awa tun ranar sanarwa ake shuka ta. An ce kowa ya turo hotonsa mafi kyau, ba a faɗi iyakar gyara ba, ba a faɗi su wa za su yi alƙalanci ba, sai ranar sakamako a ji wanda ya zo na ɗaya ƙanen mai shirya gasar ne. Ko da hotonsa ya fi na kowa, ba mai yarda.

Saboda haka a rubuta ƙa'ida kafin a karɓi hoto ko ɗaya, kuma kada a taɓa ta bayan an fara. Ta faɗi jigo a fili. "Al'adunmu" ya yi faɗi da yawa. "Hawan sallah na bana" ko "masu sana'ar hannu a bakin aiki" ya fi, domin alƙali zai iya cewa wannan ya shiga, wannan bai shiga ba. Ta faɗi tsakanin wace rana da wace rana aka yarda a ce an ɗauki hoton, da ranar rufewa har da ƙarfe nawa, da yawan abin da mutum ɗaya zai turo. Uku sun isa. In aka bar ƙofa a buɗe, mai yawan data zai zubo talatin ya binne na sauran. A raba rukunin waya da na kyamara idan jigon na abu mai gudu ne ko na dare, inda babbar kyamara ke da rinjaye na gaske. A hoton fuska da rana kuwa rabuwar ba dole ba ce. Mai shiryawa da alƙalai da 'yan gidansu ba sa shiga. Hoto kuma yana nan mallakin wanda ya ɗauka, abin da masu gasa suka samu izinin nuna shi ne kawai a sha'anin gasar.

Iyakar gyara

Nan ne ake yawan faɗa, don haka a yi masa dalla-dalla. Layin da manyan gasannin hoton jarida da na namun daji ke bi mai sauƙin ganewa ne: an yarda a ƙara haske ko a rage, a daidaita launi, a yanke gefe, a mai da hoto baƙi da fari, a goge ɗigon ƙurar da ta zauna cikin kyamara. Ba a yarda a cire abin da ke wurin ko a ƙara abin da ba ya wurin ba. Wayar lantarkin da ta ratsa saman rawanin mahayi tana ɓata hoto, amma goge ta ya saɓa wa ƙa'ida. Maganinta shi ne mai ɗauka ya matsa taku biyu tun a fili. Wanda ke son sauya sararin sama ko haɗa hotuna biyu a ware masa rukuninsa, a kira shi da sunansa.

Kada a ɗauka ƙananan gasanni ne kaɗai ke shan wannan. A 2015 gasar World Press Photo ta fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda gyaran da ya wuce iyaka, kuma ƙwararru ne suka turo su. A 2023 Bajamushe Boris Eldagsen ya ci wani rukuni na gasar Sony World Photography Awards, sannan ya ƙi karɓar kyautar, ya ce da ƙirƙirarriyar basira ya yi hoton. Dole ƙa'ida ta ambaci wannan da baki, har da maɓallan da ke cikin wayoyin yanzu masu share mutum daga hoto da taɓawa ɗaya. Da yawa ba sa ɗaukar wannan a matsayin maguɗi sai an faɗa musu.

Karɓa da ɓoye suna

A naɗa mutum ɗaya magatakarda, wanda ba ya cikin alƙalai. Shi kaɗai ke karɓar hotuna, ta imel ko Google Drive. In ta WhatsApp ce, a turo a matsayin fayil ta wurin da aka rubuta Document, domin turawa ta hanyar da aka saba tana matse hoto tana goge bayanan EXIF, wato rubutun da ke ɓoye cikin fayil mai nuna irin kyamara, rana, da saitin da aka yi amfani da shi. Hoton da aka sauke daga Facebook shi ma ya rasa su.

Magatakarda ya ajiye na asali, ya yi kwafi, ya rage kowanne zuwa girma ɗaya (fiksel 2048 a dogon gefe ya wadatar don kallo a allo), ya goge EXIF ɗin kwafin, ya sa masa lamba maimakon suna. Manhajar kwamfuta mai suna IrfanView na yin ragewa da sauya suna a tare, kyauta. Lambobin kada su bi jerin zuwa, a gauraya su. Takardar da ke haɗa lamba da suna tana hannunsa har a gama ba da maki. Hoton da aka manna wa tambari ko sa hannu a mayar wa mai shi ya turo wanda ba shi da komai. Kuma a roƙi masu shiga kada su yaɗa hoton kafin sakamako. A garin da masu kyamara ba su wuce hamsin ba, kallo ɗaya alƙali zai yi ya tuna a shafin wa ya gan shi.

Zaɓe ta yawan masu danna alamar so kuwa, gasar yawan abokai ce. In ana son jama'a su sa baki, a ware "zaɓin jama'a" da 'yar kyauta tasa daban.

Maki

Alƙalai su zama uku ko biyar, ba biyu ko huɗu ba. Su kalli hotunan a allo ɗaya, kwamfuta ta fi waya, a ɗakin da rana ba ta dukan allon. A fara wuce su gaba ɗaya sau ɗaya ba tare da maki ba, don ido ya san matakin da gasar take; in ba haka ba, hotunan farko kan sha tsanani, na ƙarshe kuma su gamu da gajiya. Zagaye na biyu a tace: ya wuce ko bai wuce ba. Na uku a ba da maki daga 1 zuwa 10, kowa a takardarsa, ba magana sai an tattara. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake zato. Da zarar babba a cikin alƙalai ya ce "wannan ya yi," kara ba za ta bar na ƙasa da shi ya rubuta 4 ba.

Da alƙalai biyar, a jefar da maki mafi sama da mafi ƙasa. Hoton da ya samu 9, 7, 7, 6, 3 makinsa 20 ne daga ukun tsakiya, kuma wanda ya so ɗaga shi da wanda ya so kayar da shi duk ba su yi tasiri ba. Alƙalin da ya gane mai hoto ya faɗa, ya tsallake shi, a cike gurbin da matsakaicin makin sauran.

Kafin sanarwa a nemi fayil na asali daga duk wanda ya kai goman ƙarshe: RAW (ɗanyen fayil da kyamara ke ajiyewa ba tare da ta sarrafa shi ba) in akwai, ko JPEG ɗin da ya fito daga kyamara ba a taɓa shi ba, tare da hotunan da aka ɗauka kafinsa da bayansa. EXIF kaɗai ba hujja ba ne, ana iya rubuta na ƙarya. Jerin hotuna ya fi wuyar ƙirƙira. A 2018 gasar Wildlife Photographer of the Year ta Landan ta ƙwace kyautar wani hoto daga Brazil bayan masana sun yanke cewa dabbar da ke cikinsa matacciya ce da aka cusa wa kaya aka ajiye don nuni. Mai hoton ya musanta, amma dabbar ba ta cikin hoton da ya ɗauka kafin nan ko bayan nan. A kuma saka hoton a Google Lens ko TinEye don ganin ko na wani ne. Sannan a buɗe shi a ja haske da duhu zuwa ƙarshe: haka aka gano farin akwatin da ke kewaye da jirgin saman da aka manna a hoton da ya ci gasar Nikon a Singafo a 2016. A fitar da sakamako da makinsa, a bar kwana bakwai don ƙorafi kafin a miƙa kyauta.

Sharhi a kan hoton wani

"Masha Allah, ya yi kyau" gaisuwa ce, ba ta koya wa kowa komai. "Bai yi ba" ita ma haka. Mai neman sharhi ya sauƙaƙa wa mutane: ya faɗi abin da ya so nunawa, da saitinsa, da abin da ke damunsa a hoton. Mai ba da sharhi ya fara faɗin inda idonsa ya fara sauka. In mai hoto ya ce fuskar marini a Ƙofar Mata yake nufi, kai kuma idonka ya tafi kan jar robar da ke bayansa, an riga an gano matsalar. Daga nan a ɗauki abu ɗaya ko biyu masu gyaruwa, a faɗi dalili.

Ɗauki misalin hoton da ya yi dishi-dishi. Iri uku ne, maganinsu daban. In komai ya ja gefe ɗaya, hannu ne ya girgiza; da gilashin milimita 200 kada saurin ɗauka ya yi ƙasa da 1/200 na daƙiƙa. In gini da 'yan kallo sun fito tar amma dokin ya goge, gudun dokin ne ya fi ƙarfin saitin, kuma sukuwa irin ta Hawan Daushe tana son 1/1000 ko sama, ko da za a ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa kyamara jin haske. In kuwa mutumin tsaye yake amma bangon bayansa ne ya fito garau, idon kyamara ne ya kama wurin da ba shi ba. Wanda ya ce wa dukkan ukun "ka sayi kyamara mai kyau" bai duba hoton ba.

Farar babbar riga da baƙar fata a ranar tsaka matsala ce ta kullum: a bi riga fuska ta yi duhu, a bi fuska aikin zaren riga ya ƙone fari fat. Farin da ya ƙone ba ya dawowa, duhu kuwa yana ɗan ɗaguwa, musamman a RAW. Shawarar ita ce a rage haske kaɗan a ɗaga inuwa daga baya, ko a jawo mutumin ƙarƙashin rumfa. Hazon hunturu kuma ba kullum ne laifi ba. Wasu na cika masa launi har sama ta koma shuɗin da babu shi a Janairu, alhali laushin hasken ne kyan hoton. Sauran ƙanana a faɗe su a taƙaice: ƙafar doki da aka yanke daidai gwiwa, turken da ya tsiro daga kan mutum, gini da ya karkata.

A bambanta kuskure da ra'ayi. Karkacewa kuskure ce. "Da ni ne da na mai da shi baƙi da fari" ra'ayi ne, a faɗe shi a haka. Kada a sauke hoton mutum a gyara a sake sakawa sai ya yarda. In wanda ya girme ka ne, tambaya ta fi umarni shiga: "Malam, da gangan aka bar wannan fitilar a gefe?" Wani lokaci amsar eh ce, kuma yana da dalili. In hoton na mace ne ko yaro da aka ɗauka kusa, tambayar farko kafin maganar haske ita ce ko an nemi izininsu ko na iyayensu.