Yadda zaka gano inda kujerar lantarki ta mota take rawa kafin ka kwance komai

Kujerar direba mai lantarki in ta fara rawa, abin da yawancin mutane ke yi shine su ɗauko sifana su ɗaure notikan nan huɗu na ƙasa, in rawar bata daina ba sai a wuce wajen mai walda. Na ga kujeru da dama da aka kashe ta haka, an ɗiga walda a kan rel, wato layin ƙarfen da kujera ke zamewa a kai, rawa ta tafi amma ita ma kujerar ta daina gaba ta daina baya kenan, ga kuma wutar walda dab da soso da wayoyin eyabag wanda ba abin wasa bane. Duk saboda ba a tsaya an gano wace gaɓa ce ta sake ba. Kujerar lantarki gaɓoɓinta sun fi na mai hannu yawa, akwai moton gaba da baya, akwai na ɗaga gaban mazauni, na ɗaga bayansa, na jingina, kowanne da nasa haɗin kuma kowanne zai iya sakewa.

Fara da jikinka tukun, yaushe kake jin abin? In ka taka birki ka ji kujera ta ɗan zame gaba ta ce ƙas, ka ba mota wuta ta koma baya ta sake cewa ƙas, to yawanci matsalar na cikin rel ne, wajen dogon ƙarfen nan mai tiredi da ke jan kujera. In kuma gaba ke ɗagawa baya na sauka kamar kana kan lilo, wannan bushin ɗin ƙarafan ɗaga kujera ne, wato ƴan zobban da ke cike gurbi a mahaɗarsu. In a kwana kake jin ta tana karkata gefe, ka zargi notikan ƙasa ko ƙwallayen cikin rel. In mazaunin na nan daram bayan ne kawai ke kai da komo, to giyar jingina ce. Wannan duk zato ne dai, amma yana rage maka rabin wahala.

Notikan ƙasa ka duba su, minti biyar ne. Tura kujera can gaba ka ɓalle murafun roba ka ga na baya, ka mayar da ita baya ka ga na gaba. Toyota da Honda yawanci soket 14 ne, motocin Jamus da wasu na Amurka kuma mai tauraro suke so, kar ka tilasta masa soket ɗin da ba nasa ba ka cinye kan. Kuma dan Allah ban da zura fayif a hannun sifana don ƙarin ƙarfi, na Camry awon ɗaurinsa wajen 37 Nm ne kawai (Nm shine ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), ba wani ƙarfi mai yawa ba. In noti na juyawa baya kamawa, tiredi ya mutu ko kuma mazauninsa da ke manne ƙarƙashin bodi ya ɓalle. Ɗaga kafet ka leƙa, motocin da suka yi zama a Kanada ko arewacin Amurka inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, wani lokacin tsatsa ta riga ta ci wajen ko ƙarfen ya tsage. Ka tuna a motoci da yawa makullin bel a jikin kujerar yake ɗaure, in aka yi hatsari Allah ya kiyaye, notikan nan ne zasu riƙe ka.

Yanzu ga gwaje-gwaje biyu da kusan kowa ke tsallakewa, kuma dole a yi su batir na haɗe. Sauke kujera ƙasa har ta ƙure ka zauna ka girgiza. In rawar ta ɓace a ƙasa amma ta dawo da ka ɗaga ta, ka gama, ƙarafan ɗagawa ne. Sannan ka matsar da ita gaba ko baya kamar faɗin tafin hannu daga inda aka saba zama ka sake girgizawa. In rawar ta ragu sosai a sabon wajen, rel ɗin ko dogon ƙarfen ne ya cinye daidai inda direba ya shekara yana zama. In kuwa duk inda ka kai ta rawar ɗaya ce, to abin da ke tafiya tare da kujerar ne ya sake, wato notin da ke hawa kan tiredin ko robobinsa.

Kafin hannunka ya shiga ƙarƙashi, ɗaga kujerar sama har ƙarshe ka ajiye ta tsakiyar rel, sannan ka cire kan batir na negatif ka jira. Toyota na cewa aƙalla daƙiƙa 90, Honda minti 3, ni dai kowace mota minti biyar nake ba ta. Dalili biyu ne, na ɗaya eyabag ɗin gefe a cikin kujerar yake, na biyu kujerun lantarki da yawa suna aiki ko da makulli baya jiki, gwiwar yaron da ke taya ka ta taɓa suwic kana da yatsa a cikin rel, moton nan baya tausayi.

To nan ne ainihin aikin, kuma mutum ɗaya baya yin sa. Samu mai ɗan nauyi ya zauna ya dafe sitiyari yana tura jikinsa gaba da baya a hankali, ba da haukan ƙarfi ba, kai kuma ka durƙusa bakin ƙofa da tocila. Daga ƙasa zaka taso, gaɓa ɗaya-ɗaya. Bodi da ƙafar rel, suna motsi tare ko ɗaya na barin ɗaya? Sai rel na ƙasa da na sama, ja layi da alli ko maka ya ratsa su biyun, in aka girgiza ka ga layin ya rabu ka san akwai wasa a nan. Sai inda ƙarafan ɗagawa suka haɗu da rel na sama, sai inda suka haɗu da farantin mazauni. Ido na yaudara a wajen nan saboda komai na motsi lokaci guda, shi ya sa nake cewa ka ɗora yatsa a kan haɗin ta yadda zai taɓa ƙarafan biyu tare, wasan da bai kai kaurin farce ba yatsa zai ji shi. Kuma ka yi ɓangaren ƙofa ka zagaya ka yi ɓangaren giya, sau tari gefe ɗaya ne ya mutu, yawanci na ƙofa tunda shi ke ɗaukar nauyi duk shiga da fita.

In layin allin ya rabu, haska cikin rel ka nemo dogon ƙarfen mai tiredi. A kansa akwai notin nan da ke hawa kan tiredin, wani ɗan dunƙule ne zaune cikin gidansa na ƙarfe, tsakaninsu akwai wasu siraran robobi da ke cike gurbin. Zafi da ƙura da shekaru suna narkar da su, zaka ga baƙin gari ko wani abu mai danƙo a ƙasan rel, alamar kenan. Ka sa ido sosai: in dogon ƙarfen na tsaye cak dunƙulen ne ke kai da komo cikin gidansa, robobin ne suka tafi, kuma wannan shine gyara mafi araha a duk kujerar, washa ta roba mai tauri da ta cike gurbin ta wadatar. In kuwa dogon ƙarfen kansa ne ke gaba da baya, matsalar tana can ƙarshensa wajen ƙaramin akwatin giya, wannan sai an buɗe ko a canza. Masu koyo a nan suke ruɗewa, su sayi moto sabo alhali moto lafiyarsa ƙalau. Moton da ya mutu baya sa kujera rawa, tsayawa take yi.

Wani abu daban shine kujerar da ta murɗe, gefe ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya. Moto ɗaya ne ke juya ɓangarorin biyu ta wata waya mai lanƙwasa, in kanta ya zame daga gurbi gefe guda kawai ke aiki, tsofaffin BMW irin E39 sun yi suna a wannan. Ka daina danna suwic da zarar ka gani, ƙara dannawa lanƙwasa firam yake yi. Ka kuma share rel ɗin, kwabbai da murfin biro da ƙwallon dabino duk ana samu a ciki. Giris fari mara nauyi zaka sa kaɗan, baƙin giris na ƙafa kwashe ƙurar hunturu yake ya zama yashi.

In dole sai an fitar da kujera, ka tuna notikan baya ba zasu samu ba in batir na cire kujera na kansu, don haka mayar da batir ka kwance su tukun, ka sake cirewa ka jira sannan ka taɓa soket ɗin wayar wuta mai ruwan ɗorawa, shine na eyabag. Kar a sa masa mita ko fitilar gwaji, kar kuma a kunna makulli yana cire, wutar eyabag zata kama a dashbod sai ka biya kuɗin kwamfuta. Kujerar fasinja ta Toyota ƴan Amurka tana da na'urar awon nauyi, in aka fitar da ita ana sake saita ta da kwamfuta. Giyar jingina in ta cinye ba a gyara ta, firam ake canzawa. A Ƙofar Ruwa ko Panteka ka sayi rel gaba ɗaya da motonsa, a jona masa batir a gabanka, ka girgiza shi da hannu, ka kuma gwada soket ɗinsa da naka don mai memori, wato mai tuna saitin direba, da mara memori ba ɗaya bane. Wajen mayarwa ka tabbata ɓangarorin biyu suna daidai da juna, ka fara kama notikan huɗu da hannu kafin ka ɗaure ko ɗaya, jona soket, mayar da batir, ka kunna ka ga wutar eyabag ta mutu bayan ƴan daƙiƙu.