Kurakuran da mutanenmu ke yi idan sun kama gidan hutu a ƙauyukan inabi na Toskana

Duk lokacin zafi sai wani daga cikin mutanenmu ya bugo mini waya da tsakar dare daga tuddan Kiyanti, tsakanin Fulorans da Siyena a yankin Toskana na Italiya, wai ya ɓata, ko kuwa yara suna kukan yunwa. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya.

Babban kuskure shi ne isowa da dare. Hoton da kuka gani a intanet ba ƙarya ba ne, gidan dutse a kan tudu, gonakin inabi da itatuwan zaitun sun kewaye shi. Hanyar ce ba a nuna muku ba. Yawancin gidajen nan sai an sauka daga kwalta an bi burji mai farin tsakuwa, wanda Italiyawa ke kira strade bianche. Babu fitila ko ɗaya, ga kwana-kwana, ga aladun daji suna tsallakawa. Zuwana na farko ƙarfe goma na dare muka shiga, ni da maiɗakina da yara biyu. Taswirar waya ta kai mu ƙofar bayan wata gona, sabis ya ɗauke, tayar gaba ta daki dutse ta fashe. Na canza ta da hasken waya a baki, ƙaramar 'yata tana rawar sanyi a kujerar baya. Da biskit suka kwana. Gari ya waye Lahadi, kantin ƙauyen a rufe. Har yau idan na tuna daren nan raina ɓaci yake yi, domin da hannuna na jefa iyalina a ciki. Tun daga ranar ba na barin la'asar ta same ni a hanya. Ina tsayawa a babban kanti in cika but ɗin mota da shinkafa, ƙwai, madara da ruwa, in sauke taswira a waya, in sa mai gidan ya rubuto mini kwatance. Ku tuna kuma, ƙananan kantuna suna rufewa daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na yamma.

Na biyu shi ne allon nan mai jan da'ira da haruffa uku, ZTL. Ma'anarsa motar baƙo ba ta shiga tsakiyar tsohon gari. Babu ɗan sanda da zai tsayar da kai, kyamara ce ke ɗaukar lambar motar ta yi shiru. Na shiga Siyena sau biyu rana ɗaya ina neman wurin ajiye mota. Bayan watanni takardun tara biyu suka iso, kamfanin hayar motar ma ya cire nasa kuɗin daga katina. Ajiye motarka a wajen ganuwa ka taka da ƙafa.

Sai maganar abinci, a nan kam faɗa zan yi. Yaya za a yi mutum ya zo ƙasar da giya ce sana'arta kaka da kakanni, ya zauna ya nuna hoto da yatsa a kawo masa, sai bayan ya cinye ya fara salati? Cinghiale aladen daji ne. Lardo da strutto kitsen alade ne, kuma strutto kan shiga wasu nau'o'in burodi. Miyar nama da ake zubawa a kan taliya sau da yawa da jar giya ake dafa ta. Vin santo da ake kawowa da biskit bayan cin abinci giya ce. Haddace wannan: senza maiale, senza vino, wato ban da alade, ban da giya. Ni nama a mahautan halal na Fulorans nake saya kafin in hau tudu. Juma'a kuwa akwai masallaci a garin Colle di Val d'Elsa da ke lardin Siyena, an buɗe shi a 2013.

Masu gida sukan ajiye kwalbar giya a kan tebur don marabtar baƙo. Karamci ne a wurinsu, kada ka ɗaure fuska. Faɗa musu tun kafin ka zo. Mu man zaitun na gonarta matar da ta ba mu hayar gidan ta ajiye mana.

Sauran ƙanana ne. Wutar gidaje da yawa kilowat 3 ce, ka haɗa tanda da injin wanki ta ɗauke. Motocin haya galibi masu giyar hannu ne, kuma ka zo da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Akwai sauro, zo da magani. Riƙe tsabar kuɗi don harajin kwana da ƙaramar hukuma ke karɓa.

Idan a watan Satumba kuka zo, lokacin girbi ne, tarakta za ta tashe ku da sassafe. Ku ja wa yara kunne kada su tsinki inabin da ke jikin kurangar. Shekara guda manomin ya yi yana jiransa, in kun roƙa shi da kansa zai yanko muku.