Yadda za ka bar wa masu tonon kayan tarihi saƙon da za su gane

Ranar da na kasa buɗe hotunan da na adana a faifan CD, jikina ya yi sanyi. Idan ni mai su na kasa, ina ga wanda zai tono kufanmu bayan shekara 2,000? Kankare zai tarar, da kwalabe, da robobi, da tulin ƙasusuwan kaji. Baƙin gilashin nan da kujerun falo duk suke fuskanta, yana iya cewa abin bautarmu ne.

Don haka ka fara da yumɓu. Ka lailaye shi kamar faɗin tafin hannu, ka yi rubutu da tsinke tun yana ɗanye, ka bar shi ya bushe ƙayau, sannan a gasa. Allunan yumɓun Mesofotamiya, yankin Iraƙi na yau, sun haura shekara 4,000, har yau ana karanta su.

Magana ɗaya za ka rubuta, amma cikin harsuna biyu ko uku. Dutsen Rosetta da aka gano a Masar a 1799 rubutu iri uku ne a jikinsa, kuma na Girkancin ne ya taimaki masani Bafaranshe Champollion ya warware rubutun tsohuwar Masar a 1822.

Ni kayan yau da kullum nake zaɓa in haɗa da allon: makulli, cokali, allura. A kan allon ka zana hannu yana aiki da kowanne, domin makullin da ba ƙofa guntun ƙarfe ne kawai. Kada ka sa batir, yoyo yake yi ya ɓata komai. Ka zuba allon da kayan cikin tulu, ka liƙe bakin, ka binne a busasshen tudu, nesa da hanyar ruwa.