Yadda Ake Kambama Littafi a Bayan Bango Ba Tare da Yaudarar Mai Karatu Ba

Wanda ya ɗauki littafi ya juya bayansa ba ya daɗewa kafin ya yanke shawarar saye ko ajiyewa, shi ya sa masu rubuta 'yan layukan bayan bango suke dogaro da kambamar zulaƙe, wato zuzuta abu fiye da yadda yake. Dabarar tana aiki, muddin marubuci ya san inda ya dace ya ƙara gishiri.

Ka fara da bambanta abin da littafin zai sa mutum ya ji da abin da ake iya bincikawa. Idan ka ce labarin zai hana mai karatu runtsawa har gari ya waye, kowa ya san zuzutawa ce, kuma babu wanda zai riƙe ka da laifi. Amma idan ka ce littafin ya ci lambar yabo, ko ya fi kowane littafi kasuwa, alhali ba haka ba ne, to ka yi ƙarya.

Kambamawa guda ɗaya ta wadatar, kuma tana buƙatar abin da za ta jingina da shi daga cikin labarin. Maimakon ka ce ba a taɓa rubuta irinsa ba, ka nuna matar da ta tsinci wasiƙa da rubutun hannun mijinta, mai ɗauke da kwanan watan shekara uku bayan an binne shi. Bayan wannan, ko ka ce labarin zai tayar da tsikar jiki, za a yarda. Tun a 1936 marubucin Birtaniya George Orwell ya koka cewa yawan kiran kowane sabon ƙagaggen labari gagarabadau ya sa masu karatu sun daina ɗaukar yabon da muhimmanci, kuma a ganina kukan nasa yana nan daram.

Idan za ka ɗora yabon wani sanannen marubuci, ka nemi izininsa. Marubucin waƙoƙi ɗan Amurka Walt Whitman ya buga jimlar yabo daga wasiƙar da sanannen marubuci Ralph Waldo Emerson ya aiko masa a gadon bayan littafin waƙoƙinsa a 1856 ba tare da tambayarsa ba, abin da ya jawo masa suka. Kada kuma ka yanko kalma mai daɗi daga sharhin da asalinsa suka ne.

Kafin a kai wurin ɗab'i, ka ba wanda ya karanta littafin duka ya duba layukan, ka goge duk alkawarin da ya ce bai ga cikarsa a ciki ba.