Kurakuran da ke Cinye Tsofaffin Gine-ginen Bauchi, da Yadda Za a Kauce Musu

Duk wanda ya taso a cikin garin Bauchi ya haddace sunayen ƙofofi tun bai san ma'anarsu ba. Ƙofar Ran, Ƙofar Wambai, Ƙofar Wunti, Ƙofar Dumi, Ƙofar Nassarawa, yau sun zama wuraren da ake ce wa mai Keke Napep ya sauke mutum. Asalinsu kuwa mashigai ne na ganuwar da ta kewaye garin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a wajajen 1809. In ka fita neman ganuwar yanzu, sai ka sha tambaya kafin a nuna maka guntun tudu a bayan gidan wani. Damina ta ci rabonta, sauran kuma hannunmu ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mafi yawan ɓarnar masu kyakkyawar niyya ne suke yin ta, da sunan gyara.

Babban kuskure shi ne yaɓa siminti a jikin ginin ƙasa. Na gan shi a gidanmu. Wani kawuna ya samu kuɗi, ya ce zauren kakanninmu ya gaji da yaɓe duk shekara, bari a yi masa filasta a huta. Aka yi, aka shafa fenti, kowa ya sa albarka. Bayan 'yan damuna, in ka ƙwanƙwasa bangon sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Wata safiya filastar ta zube falle guda, ta taho da rabin tubalin da ke bayanta, ƙasar ta zama gari.

Ga yadda abin yake faruwa. Bangon tubali yana shan laima daga ƙasa, ya fitar da ita ta jikinsa idan rana ta buga shi. Siminti yana toshe wannan hanya. Sannan shi da ƙasa ba sa motsi tare a zafi da sanyi, don haka dole ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ya zauna a ciki. Inda laima ta zauna kuwa, gara ta samu gida, kuma kan azarar da ke cikin bango shi ne farkon abin da zai ruɓe. Daga waje gini fes, ciki kuwa ya gama mutuwa.

Maganinsa a koma ga abin da ginin ya sani. Yaɓen ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa, a bi shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Kan soro da zankwaye kuma laso, wanda magina ke haɗawa da katsin marina da gashin dabba. Idan an riga an yi filastar, kada a ɗauko guduma a hau ta gaba ɗaya. A bari sai rani, a riƙa ɓamɓarewa kaɗan-kaɗan, bango ya sha iska ya bushe, a cike ramukan da irin ƙasarsa. Na san ana cewa yaɓe wahala ne. Gaskiya ne, amma aikin kwana uku ne a shekara, kuma kuɗinsa bai kai na tada bangon da ya faɗi ba.

Kuskuren da ke biye da wannan shi ne raina ruwa. Indararo ɗaya da ganye ya toshe ya isa ya kayar da soron da ya shekara ɗari. Kafin ruwan farko ya sauka, a sa yaro ya hau ya share, a cire ciyawar da ta tsiro, a liƙe tsaga. A duba gindin bango ma. A unguwannin cikin gari, duk lokacin da aka cike lungu ko aka yi sabuwar kwalbati, ƙasar waje tana ƙara tudu, tsohon gida ya koma cikin rami, ruwa ya riƙa kwanciya a jikinsa. A yi masa dakali mai gangare, a buɗe wa ruwa hanya. In har sai an ɗora kwano a kan soro don ceton sa, a bar bakin kwanon ya zarce bango sosai, kada ya riƙa zubo ruwa a kansa.

Sai batun doka, inda mutane suka rabu biyu kuma duka suka kauce. Wasu na zaton duk tsohon gini gwamnati na kare shi, sai su naɗe hannu suna jira. Wasu kuma da sun ji an ce gidansu na tarihi ne sai tsoro ya kama su, su yi sauri su rushe kafin a hana su. Ginin da doka ta kare shi ne wanda aka ayyana a hukumance. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da wannan aiki. A jiharmu akwai kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, da zanen duwatsu na Geji da na Shira, da Gidan Madaki a Kafin Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya, ya gina a wajajen 1860, aka kuma ayyana shi tun 1956. Irin waɗannan ba a rushe su, ba a sauya musu fasali, sai da izinin hukumar a rubuce. Doka ba ta hana gyara ba, cewa ta yi a nemi izini. Don haka a rubuta takarda, a haɗa da hotunan wurin da ya lalace, a ajiye kwafi. Gidan da ba a ayyana ba kuwa, kariyarsa tana hannun magada da mai unguwa da masarauta, kuma nan ne mafi yawan tsofaffin zauruka suke.

Akwai kuma rushe gini a tada na bulo a gurbinsa, a yi masa zanko na siminti, a ce an sabunta shi. Wannan sabon gini ne mai tsohon suna. Wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin ɗaurin guga, wato rufin soro mai lanƙwasassun azara da suka haɗu a tsakiya, ya ɗaga kai ya san abin da nake nufi. Azara ba ta cika ɗaukar faɗin da ya wuce mita 2 ita kaɗai ba, shi ya sa magina suka koyi jera ta hawa-hawa, suna lanƙwasa bakan gizo har ya haɗu a tsakiya. Wannan ilimi a jikin ginin yake. In buƙata ta ƙaru, a gina sabon ɗaki a gefe, a bar zauren. Azarar da ta ruɓe a tokare rufin a canza ta ita kaɗai.

Wasu kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗibar ƙasar ganuwa don yin tubali, zuba shara a gindinta, da rubuta suna da gawayi ko fenti a kan zanen dutse, duk a tsawata wa mai yi. Tsohon ƙyaure, takobi, sirdi ko littattafan kakanni da aka rubuta da hannu, kada a miƙa wa dillali. Doka ta ɗauki irin kayan da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, kuma fitar da su waje ba izini laifi ne.

Kafin a taɓa komai, a sa waya a ɗauki hoton kowane bango da rufi, a auna tsawo da faɗi, a rubuta. A nemi dattijon gida a ce, "Baba, wa ya gina zauren nan, kuma daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasarsa?" A naɗi muryarsa. Ranar da za a yi aikin kuma, a nemo tsohon magini ta hannun Sarkin Magina, a haɗa shi da samari biyu ko uku na gidan su riƙa miƙa masa ƙasa, su ga yadda yake cuɗa ta da yadda yake gane ta nuna.