Kurakuran da ke rufe bakin mai ba da bayani

Ko ɗan sanda ne a caji ofis, ko ɗan kwamitin ladabtarwa a makaranta, ko mai unguwa a Mabera ta Sakkwato da aka kawo wa ƙarar satar tunkiya, buƙatar mai bincike ɗaya ce: mutum ya faɗi abin da ya sani. Sai dai sau da yawa kafin a yi tambayar farko an riga an rufe wannan bakin, kuma mai binciken ne ya rufe shi.

Babban kuskure shi ne shanya mutum. An kira dattijo ya zo ba da shaida tun hantsi, an nuna masa benci, an tafi. Ma'aikata na shige da fice, suna raha da juna, ba wanda ya ce masa ko sannu. Zafin Sakkwato na Afrilu ya sauko, ruwan randa ma ba a miƙa masa ba, har aka kira azahar yana zaune yana juya hularsa a hannu. Wasu da gangan suke yi, wai don jikinsa ya yi sanyi.

Masanin halayyar ɗan Adam Kipling Williams na Amurka ya daɗe yana nazarin wariya. Ya ƙirƙiri wani wasan jefa ƙwallo a kwamfuta mai suna Cyberball, inda 'yan wasa biyu suke daina jefa wa na ukun ƙwallo. Mintuna kaɗan ne, kuma da mutanen da bai taɓa gani ba, amma wanda aka ware yakan fito yana jin ba a yi da shi, darajarsa ta ragu, ba shi da iko a kan komai. A 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan wasa, suka ga wani sashe da ke motsawa lokacin ciwon jiki ya motsa. To, in wasan ƙwallo ya yi haka, ina ga yini guda a kan benci?

Gyaran ba ya cin ko kobo. A gaishe shi yadda ya dace da shekarunsa: "Baba, ina kwana? Yaya iyali? Ka yi haƙuri, nan da rabin awa zan kira ka." In rabin awar ta wuce, a leƙo a sake faɗa masa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Akwai kuma yin magana a kan mutum yana zaune. Jami'ai biyu su juya harshe zuwa Turanci, su dube shi, su yi dariya. Makiyayin da Hausarsa ma ba ta nuna sosai ba, balle Turanci, me zai ɗauka in ba an gama yanke masa hukunci ba? In akwai shawarar da za ku yi, ku fita waje. In Fulatanci ko Zabarmanci ya fi iyawa, a nemo tafinta, kuma a riƙa kallon mai maganar, ba tafintan ba.

Wani zai ce ai ya sha gwada wariyar, kuma mutane sun yi magana. Gaskiya ne, wasu sukan yi, kuma nan ne haɗarin yake. A gwajin da Williams da abokansa suka wallafa a 2000, waɗanda aka ware sun fi saurin bin amsar jama'a daga baya ko da amsar kuskure ce. Wanda yake neman a sake karɓarsa cikin mutane yakan karanci fuskarka ya ba ka abin da kake so. Ka ce, "Jan babur ne, ko?" ya ce ja ne. Ka cika takarda, ka kama wanda bai ji ba bai gani ba. A ganina wannan ya fi shirun muni, domin shiru ba ya kai kowa gidan yari.

Haka barazanar nan ta "'yan'uwanka duk sun juya maka baya, ba mai zuwa belinka." A garin da mutum da danginsa da masallacin unguwarsu yake tunƙaho, wannan magana ba ƙarama ba ce. Kuma doka ba ta tare da mai yin ta. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda aka tsare damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 kuwa ta haɗa har da azabtar da tunani, ciki har da hana mutum ganawa da kowa.

Kunya ma a kula da ita. Matar aure ba za ta faɗi abin da ya faru a ɗakinta gaban surukinta ba, yaro ba zai ƙaryata maigidansa na kasuwa yana tsaye a kansa ba. Kowa a ji shi shi kaɗai, mace kuma in ta fi sakewa da mace, a samo mata.

Sai katse magana. Tsarin yin tambayoyi mai suna PEACE da 'yan sandan Ingila suka fara aiki da shi a farkon shekarun 1990 ya sa gabatar da kai da bayyana dalilin zaman kafin komai, sannan a bar mutum ya kwararo labarinsa. Ka ce, "Malam, faɗa mini yadda abin ya faru tun daga farko," ka ajiye biro. In ya yi shiru yana tuno wani abu, kada ka cike masa gurbin. Tambayoyin ƙarfe nawa, wace kwana, wa ke tsaye a ina, su jira har sai ya ce ya gama.