Yadda ake tayar da ƙaramin kan jirgi mai tururi, irin na layin Zariya zuwa Jos

Jirgin da ke tashi daga Rigasa zuwa Abuja yana gudu a kan layi mai faɗin milimita 1,435. Tsohon layin da ya ratsa Kaduna ya kai Kano a 1911 faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne. Shi kuwa reshen da ya ɓalle daga Zariya, ya bi ta Rahama ya hau tsaunukan Jos har Bukuru, ƙafa 2 da inci 6 kacal yake. An kammala shi a 1914 domin kwasar kuza, babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 ya raba shi da kayansa, aka rufe shi a 1957. Mai son ganin irin kan jirgin da ya yi aiki a kansa zai same shi ajiye a gidan tarihi na Jos.

Kafin a sa wa irin wannan inji wuta, sai an gane cewa layin ne ya yanka masa riga. Dogon reshe siriri ne, gadojinsa marasa ƙarfi, kwanoninsa matsattsu. Dole nauyin da ke kan kowane aksul, wato sandar da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, ya zama kaɗan, ƙafafun su zama ƙanana kuma kusa da juna don su sha kwana, tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi ma ƙarama. Ƙaramar tukunya kuwa ba ta da rarar ruwa ko rarar tururi. Kuskuren da babban inji irin ajin River, waɗanda kamfanin Vulcan Foundry ya fara ƙera wa Najeriya a 1948, zai shanye ba a gani ba, ƙaramin inji a take yake nuna shi.

Fara da ƙirga ƙafafu daga gaba zuwa baya: ƙananan gaba masu jan hanya, manyan tsakiya da sandar ƙarfe ta haɗa, sai ƙananan baya masu tallabar murhu. Idan aka rubuta 0-6-2, ana nufin babu ƙafa a gaba, shida ne ke ja, biyu na baya. Na tsakiya kaɗai ke aiki, saboda haka nauyin da ke kansu shi ne jarin injin.

Ƙarfin ja ana lissafa shi ne da alƙalami. Ɗauki kashi 85 cikin 100 na matsin tukunya, ninka da faɗin silinda, sake ninkawa da faɗin silindar, ninka da tsawon tafiyar fistan, raba da faɗin ƙafa. A ce matsi fam 160 ne a kan kowane murabba'in inci, silinda inci 10, tafiyar fistan inci 16, ƙafa inci 30. Zai ba ka wajen fam 7,250, wato kilo 3,300. Don kada ƙafa ta riƙa sulɓewa, ana son nauyin da ke kan ƙafafun ja ya ninka wannan sau 4, wajen tan 13, ko tan 4 da ɗoriya a kowane aksul idan uku ne. A hawan da ke tashi ƙafa 1 cikin kowace 50, kowane tan yana cin kilo 20 na ƙarfin ja, ban da kilo 3 zuwa 4 na gogayyar ƙafafu. Ka ga ke nan a irin wannan tudu injin ba zai wuce da tan 140 ba, har da nauyin kansa. Direban da ya san wannan lissafi ba ya yarda a ƙara masa tarago a gindin tudu.

Ruwa kafin wuta. Wannan ita ce dokar farko, kuma ita ce ke kashe mutane idan aka karya ta. Rufin murhu faranti ne na ƙarfe ko jan ƙarfe, wuta a ƙasansa, ruwa a samansa. Muddin ruwa ya rufe shi lafiya lau yake. Da zarar ya bushe sai ya yi ja, ya yi laushi, ya zame daga kusoshin da ke riƙe da shi. Ruwan da ke cikin tukunya a matsin fam 160 zafinsa ya kai digiri 188, kuma idan ya sami kafar fita wani sashensa yana zama tururi nan take, ya kumbura kusan sau 1,700. Saboda haka duba gilashin da ke nuna tsayin ruwa a tukunya, amma kada ka gaskata shi sai ka gwada. Rufe famfon saman gilashin da na ƙasansa, buɗe na zubarwa gilashin ya tsiyaye. Rufe na zubarwa, buɗe na ƙasa: ruwa ya taso da hanzari. Idan a hankali yake hawa, kafar ta toshe, abin da kake gani ƙarya ne. Kada a kunna sai ruwa ya kai rabin gilashi.

Sannan leƙa cikin murhu da fitila. Duba toshiyar darma da ke rufin, wadda aka sa don ta narke ta feso tururi idan ruwa ya yi ƙasa. Gargaɗi ce kawai, ba za ta kashe maka wuta ba. Idan tana ɗiga, ko bakunan bututan wuta suna jiƙe, a fasa tafiya. Kwashe toka daga ƙarƙashin ragar ƙarfen da wuta ke ci a kanta, kwashe baƙin garin gawayi daga akwatin hayaƙi na gaba, ka ƙulle ƙofarsa tam. Ƙofar da ke shan iska tana kashe zuƙar wuta, ta kuma hura garin da ya rage har ƙarfen ƙofar ya lanƙwashe. Tabbatar birkin hannu a ɗaure yake, makunnin tururi a rufe, sandar juya tafiya a tsakiya, famfunan tsiyayar silinda a buɗe. Injin da aka bari ba haka ba yana iya tashi shi kaɗai idan tururi ya taru.

Shimfiɗa kwal siriri a kan raga, ɗora busassun itace, kunna da tsumma mai ɗan kananzir. Daga sanyi zuwa cikakken matsi a ba shi awa 3 zuwa 4. Gaggawa a nan ɓarna ce: murhu ya yi zafi ya miƙe alhali gangar tukunya na sanyi, kusoshi su karye, bututai su fara yoyo. Idan allurar geji ta ɗaga zuwa fam 20 ko 30, a ɗan buɗe mahurin tururi da ke cikin bututun hayaƙi, wanda shi ne zugazugin injin. Lokacin jiran nan ne na shafa mai. Man silinda mai kauri daban, man aksul da sanduna daban, kuma a zare lagwanin kowane kofin mai a duba bai daskare ba.

Kwal na Inugu, wanda aka fara haƙa a 1915, mai yawan hayaƙi ne kuma mai saurin marmashewa. Yana son iska ta sama da ta ƙasa. Fayaman, wato mai kula da wuta, ya zuba kaɗan-kaɗan, akai-akai: shebur 4 zuwa 6, kusurwoyin baya da gefuna tukuna, sannan ya bar ƙofa a ɗan buɗe har hayaƙi ya koma ruwan toka. Baƙin hayaƙi kwal ne ke fita bai ƙone ba. Rami a cikin wuta yana shigo da iska mai sanyi ta bugi bututai. Wuta mai kauri da yawa, ko yawan tonon ta da ƙarfe, yana narkar da toka ta dunƙule kamar kashin maƙera, ta toshe raga, matsi ya faɗi komai kwal ɗin da aka zuba.

Gwada injekta duka biyu kafin a motsa. Na'ura ce da ke amfani da tururin tukunya ta tura ruwan sanyi cikin tukunyar, kuma sai ruwan ya iya daskarar da tururin take kamawa. Shi ya sa a bazarar Kaduna, idan tanki ya sha rana, musamman wanda ke manne da jikin tukunya, takan ƙi aiki ta yi ta zubar da ruwa ƙasa. Kwara mata ruwan sanyi, ko a ƙara sabon ruwa a tanki. Idan ta ci gaba da ƙi, duba rariya da mahaɗar bututu, don ƙaramar kafar iska ta isa ta hana ta. Bar bawul ɗin kariya ya busa sau ɗaya, ka ga ko a kan jan layin geji ya buɗe.

A hanya, tudu yana yaudarar gilashi. Idan inji na hawa da bututun hayaƙi a gaba, ruwa yana taruwa a baya, gilashi ya nuna ya cika. Da an kai ƙoli aka fara gangara sai ya kwarara gaba ya bar rufin murhu. Ƙara ruwa kafin ƙoli. Amma cikawa fiye da kima ma matsala ce: ruwa ya bi tururi ya shiga silinda, ruwa kuwa ba ya matsuwa, sai murfin silinda ya fashe ko sanda ta lanƙwashe. Alamarsa ita ce sautin bututu ya dushe, ya fara feso farin ruwa. Rage tururi, buɗe famfunan tsiyaya. Kafin a rufe makunnin tururi kuma, a riga buɗe mahuri, in ba haka ba wuta ta dawo cikin ɗakin direba. Da hunturu, ragar tare tartsatsi ta zama a wurinta, don ciyawar gefen layi ba ta jira. Da damina, yashin akwati, wanda ake zuba wa layi don kada ƙafa ta sulɓe, ya zama busasshe kuma tankaɗaɗɗe, jiƙaƙƙe ba ya sauka.

Ruwan rijiya da na kogi suna barin laka da ɓawo a jikin murhu kamar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo, ɓawon kuma ya tare zafi har faranti ya ƙone. A buɗe famfon gindin tukunya a zubar da laka kullum, a wanke tukunya duk mako ɗaya ko biyu gwargwadon ruwan wurin, bayan ta huce da kanta. In an dawo tasha, a cika ta da ruwa, a bar wuta ta mutu a hankali, a rufe ƙofar murhu da kafofin iska, a ɗora murfi a bakin bututun hayaƙi.